Ofishinmu a Zaure



Tun kullen korona na 2020, ni da yayana muka mayar da zauren gidanmu a Tudun Jukun ofis. Ga difloma a hannu, aiki bai samu ba, sai muka kama fassara da buga rubutu a kwamfuta ga mutanen da ba mu taɓa gani ba. Mun huta da kuɗin mota, amma mun rasa lokacin tashi daga aiki.

Mai ba mu aikin yana New York. Biyar ɗin yammarsa, mu nan goma ce ko sha ɗayan dare. Ga jiran wuta: in an kawo ƙarfe biyun dare, to garinmu ya waye.

Watan jiya aka yi jana'izar maƙwabcinmu. Mun kulle ƙofa, kunnuwa a toshe muna taro ta Zoom, sai da aka dawo daga maƙabarta muka sani. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Kuna gida, amma ba kwa nan."

Ita ma a gida take sana'arta, ɗinkin hula. Amma ana kiran magariba take soke allura a jikin hular, sai gobe. Faransa sai da ta kafa doka a 2017 don ma'aikaci ya samu damar ƙin amsa saƙon ofis bayan an tashi. Mu dokar Inna muka ɗauka: daga magariba zuwa isha'i kwamfuta a rufe. Mun rasa kwastoma ɗaya saboda haka. Allah Ya musanya da mafi alheri.

Ku fa, yaushe kuke rufe taku?