Gidan da gyara ke riƙe da shi a sararin samaniya

Wani lokaci bayan magariba, ko kafin ketowar alfijir, mai ɗaga kai a Maraɗi ko Damagaram yakan ga wani haske kamar tauraro yana ratsa sama. Ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara, cikin ƴan mintoci kuma ya ɓace. Wannan haske gida ne da mutane a ciki: tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Nisanta daga doron ƙasa wajen kilomita 400 ne, kwatankwacin tsakanin Yamai da Birnin Ƙonni. Tana gudun kilomita 28.000 a awa guda, tana kewaye duniya cikin awa ɗaya da rabi. Tafiyar Yamai zuwa Maraɗi, wadda ke cinye wa direba wuni, ba ta ɗaukar mata minti 2.

An harba ɗakin farko, mai suna Zarya, daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan ranar 20 ga Nuwamba 1998. Ranar 2 ga Nuwamba 2000 mutum uku suka tare a ciki: Ba'amurke Bill Shepherd, da Rashawa biyu, Yuri Gidzenko da Sergei Krikalev. Tun daga ran nan ake karɓa-karɓa, wasu su hau wasu su sauko. Amurka, Rasha, Japan, Kanada da hukumar sararin samaniya ta Turai suka haɗa hannu suka gina ta ɗaki bayan ɗaki, har tsawonta ya kai mita 109, nauyinta ya haura tan 400.

Baƙon da kumbo ya kawo, abin da yake fara lura da shi shi ne ƙarar fankoki da ba sa tsayawa. A can iska mai ɗumi ba ta tashi sama da kanta, saboda haka in fanka ta tsaya, numfashin da mutum ya fitar sai ya taru a gaban fuskarsa. Babu ƙasa babu rufi. Kowane bango cike yake da akwatuna, wayoyi da kwamfutoci. Ɗakunan a jere suke kamar taragon jirgin ƙasa. A gefe guda akwai ɓangaren Rasha da ɗakinsa Zvezda. A ɗaya gefen akwai ɗakunan bincike: Destiny na Amurka tun 2001, Kolumbus na Turai tun 2008, da Kibo na Japan wanda ya fi su girma. Makwancin kowa bai wuce faɗin kabad ba, da jakar barci ɗaure a bango.

Rana tana fito musu sau 16, ta faɗi sau 16 cikin awa 24, don haka ba da ita suke lissafin lokaci ba. Agogon Girinic suke bi, wanda na Nijar ya riga shi da awa ɗaya. Sa'ad da ma'aikaci a Tawa ke shirin tafiya biro da ƙarfe 7, su kuma, yawanci su bakwai, lokacin suke tashi, ƙarfe 6 nasu. Bayan karin kumallo sai taron safe ta rediyo da cibiyoyin ƙasa: Hiyuston a Amurka, Korolyof kusa da Mosko, Tsukuba a Japan, da wadda ke kusa da Munik a Jamus. An riga an tsara wa kowa aikinsa, da mintocin da zai ci. Da yamma a sake zama a ba da rahoto, ƙarfe 9 da rabi na dare a kwanta.

Dalilin gina gidan shi ne bincike, kuma abin bincike na farko shi ne jikin mazaunansa. Inda babu nauyi, ƙashi yana zaizayewa da wajen kashi 1 cikin 100 kowane wata, tsoka ta saki, jini ya taru a kai har fuska ta kumbura, wasu ma ganinsu ya canza. Shi ya sa motsa jiki na awa 2 kowace rana wajibi ne: gudu a kan na'ura da ɗamara ɗaure a kafaɗa da ƙugu, tuƙa keke, da ɗaga abin da ke kwaikwayon nauyi. Suna ɗibar jininsu da yawunsu da fitsarinsu su ajiye a firiji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, har kumbo ya sauko da su wurin likitoci. Scott Kelly ya yi kwana 340 a can daga 2015 zuwa 2016, ana kwatanta jikinsa da na ɗan tagwayensa Mark da ke ƙasa. Abin da ake koya yana amfanar tsofaffi masu raunin ƙashi da majinyatan da suka daɗe a kwance. Ana kuma nazarin yadda wuta ke ci, da yadda ƙarfe ke narkewa ya daskare, da yadda shuka ke tsiro. A watan Agusta 2015 suka ɗanɗani salatin da suka noma da hannunsu.

Amma kafin a yi bincike sai an rayu, kuma a nan ne lissafin ɗan kasuwa ke shigowa. Kowace lita ta ruwa da aka hau da ita tsada ce, don haka ba a zubar da komai. Fitsari, zufa da tururin numfashi duk ana tattarawa a tace su koma ruwan sha. A 2023 hukumar NASA ta ba da sanarwar cewa an kai ga maido da kashi 98 cikin 100. Da wutar da faifan hasken rana ke bayarwa ake raba ruwa a fitar da iskar shaƙa. Ba a wanki: tufar da ta yi dauɗa ana tura ta tare da shara cikin kumbon kaya, Progress ko Cygnus, ya ƙone a hanyarsa ta saukowa. Kowane kaya da lambarsa a rajista kamar a mangaza, domin abin da aka saki yakan yi iyo ya ɓuya. Tumatirin da Frank Rubio ya girbe ya taɓa ɓacewa, abokansa suka yi ta tsokanarsa cewa ya cinye. Sai bayan watanni, ya riga ya sauko, aka tsince shi a bushe.

Sauran lokaci na gyara ne. Ɗan sama-jannati, ko da digirinsa ya kai ina, shi ne mai gyaran famfo, shi ne mai lantarki, shi ne mai kwance masai in ya toshe. Safiyar Asabar ta shara ce: a zuƙe ƙura daga matatun iska, a goge bango don kada fumfuna ta kama. Gidan kansa yana saukowa kaɗan-kaɗan saboda ragowar iskar da yake gogawa, sai an kunna injin an ɗaga shi lokaci zuwa lokaci, ko an kauce da shi daga tarkacen tsofaffin taurarin ɗan Adam.

Gyaran waje shi ne mai haɗari. A ƙarshen Agusta 2012 Sunita Williams da Akihiko Hoshide suka shafe fiye da awa 8 a waje suna fama da ƙusa guda ta akwatin rarraba wuta, ta ƙi shiga. Ranar 5 ga Satumba suka koma da buroshin goge haƙori ɗaure a sanda, suka share ɓarɓashin ƙarfen da ya cika ramin, ƙusa ta zauna. Ranar 16 ga Yuli 2013 kuwa, ruwan sanyaya riga ya kwararo cikin hular Luca Parmitano, ɗan Italiya, ya rufe masa ido da hanci. Da lalube ya komo ƙofa. Bincike ya nuna wata matata ce ta toshe. A watan Yuni 2021 Thomas Pesquet, ɗan Faransa, da Shane Kimbrough suka fita sau 3 suka shimfiɗa sababbin faifan hasken rana, saboda tsofaffin sun rage ƙarfi.

Gida in ya tsufa, bango kan tsage. Tun 2019 aka lura iska na zurarewa daga wani ƙaramin zaure na ɗakin Zvezda. A watan Oktoba 2020 Anatoli Ivanishin ya saki ganyen shayi a zauren, aka rufe ƙofa, kyamara na kallo. Ganyen ya bi iska har bakin tsagar. An liƙe ta, wasu kuma suka bayyana, aka koma barin ƙofar zauren a rufe sai in da bukata. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. A can, sakaci na wata guda kan iya zama asarar rai da ta dukiyar ƙasashe 15.

In aiki ya lafa, mazauna gidan kan taru a Kupola, ɗaki mai tagogi 7 da aka ɗora a 2010. Daga nan ana ganin kogin Kwara ya lanƙwasa, duwatsun Azbin sun yi baƙi a tsakiyar rairayi, ƙurar hunturu ta miƙe har teku. Amma wa'adin gidan ya kusa: an tsai da shawarar amfani da shi zuwa 2030, kuma a watan Yuni 2024 NASA ta ba kamfanin SpaceX aikin ƙera kumbon da zai ja shi ya faɗa cikin teku, nesa da mutane. Kafin ranar, duk wanda ya ga hasken nan ya gifta bayan magariba, ya san akwai wani a ciki riƙe da sifana, yana duba takardar aikin gobe.