Ɗakin Sama da Ɗakin Ƙasa

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da fatake, waɗansu daga ƙasar Nijar, waɗansu daga Kano, waɗansu kuwa daga nan kusa, Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Na nesa tun ran Laraba suke sauka a gidajen fatomai.

Akwai wani fatoma a garin wanda ya gina bene, ya rufe shi da kwano. Da fari duk baƙon da ya fi girma, sama yake kai shi don karramawa. Ran nan cikin watan Afrilu ya sauke wani dattijo mai raƙuma a can. Gari na wayewa dattijon ya naɗe buzunsa, ya ce, "Maigida, Allah ya saka da alheri, amma jiya cikin tanda na kwana." Bai ƙara sauka gidan ba.

Abin ya dami fatoma, ya zauna ya yi nazari. Ashe iska mai zafi sama take hawa, mai sanyi kuwa ƙasa take kwantawa. Ga shi da bazara zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40, kwano ya wuni yana shan rana. Magabata da suka yi soro da azara da bango mai kauri sun san abin da suke yi, gama ginin ƙasa ba ya saurin ɗaukar zafi.

Sai ya sa silin, ya huda ƙananan tagogi dab da rufi don zafi ya sami mafita. Da bazara tsofaffi yakan ba ɗakin ƙasa, samari su hau sama, a rufe tagogi da rana, a buɗe da dare. Da hunturu kuwa, wato Disamba da Janairu, iska daga arewa maso gabas take busowa, sai ya toshe tagogin wannan gefe, ya raba barguna.

Abu guda ya hana, shi ne kwana da kaskon wuta. Garwashi cikin rufaffen ɗaki yana fid da wata iska marar wari wadda ke kashe mai barci, har takan bi matakala ta tarad da na sama. Janareta ma haka, don haka waje ya kai shi.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. To, mai masauki ya duba watan da ake ciki kafin ya zaɓa wa baƙo ɗaki. Allah ya sa mu dace.