Daƙiƙa 47 da Aka Kashe Wa Sauti

A shekarar 2018 wani makaɗin piyano ɗan Ingila, James Rhodes, ya zauna a gidansa ya kaɗa wani kiɗan Johann Sebastian Bach, ya ɗauki bidiyo, ya sa a Facebook. Shi Bach shugaban mawaƙa ne a majami'ar Toma ta birnin Laifzig a Jamus, ya kuwa rasu tun 1750. Kiɗansa ya daɗe da zama na kowa, kamar rijiyar tsakiyar gari. Duk da haka aka sanar da Rhodes cewa daƙiƙa 47 na abin da ya kaɗa mallakar kamfanin Sony ne, aka kashe sautin wurin.

Ba mutum ne ya saurara ya yanke wannan hukunci ba. Manyan kamfanoni sukan zuba faya-fayansu cikin na'ura mai gwada sauti, ita kuma ta riƙa auna duk abin da jama'a suka ɗora. YouTube ta fara tata, mai suna Content ID, a 2007. Na'urar ba ta rarrabe kiɗan da Bach ya rubuta da faifan da Sony ya ɗauki wani makaɗi yana kaɗa shi. In mutum biyu suka kaɗa abu ɗaya da kyau, a kunnenta ɗaya ne. Ashe gwanintarsa ce ta ja masa.

Rhodes ya kai kuka, Sony ya ƙi. Sai da ya yi magana a Twitter, jaridu suka ɗauka, sa'an nan aka janye. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Gaskiya ne ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma mawaƙin da aka taɓa kwafe kaset ɗinsa ana sayarwa a tasha ya san amfanin dokar haƙƙin mallaka. Amma a watanni 6 na farkon 2021, bisa ga rahoton YouTube kanta, na'urar ta yi da'awa fiye da miliyan 700. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a cikinsu kuma wajen kashi 60 mai bidiyon ne ya yi nasara. Shirun sauran ba lalle yarda ba ne.

Ga dalili. A ce ƙungiyar mawaƙa a Maraɗi ko Garwa ta rera tsohuwar waƙar sujada, na'ura ta haɗa ta da faifan wani kamfani. In suka ƙi yarda, kamfanin da ya yi da'awar shi ne mai duba kukan, yana da kwana 30. In suka matsa, yana iya neman a cire bidiyon, a rubuta musu gargaɗi. Gargaɗi 3 cikin kwana 90 yakan sa a rufe tasha. Matakin ƙarshe, bisa ga dokar Amurka ta 1998, shi ne shugaban mawaƙan ya ba da cikakken sunansa da adireshinsa, ya kuma sa hannu cewa ya yarda a kai shi ƙara a kotun tarayya a Amurka.