Tafiyar mota daga Kwatano zuwa Gaya

A bakin teku na Kwatano, ƙasar Benin, jiragen ruwa ke sauke tsofaffin motocin Turai. Mutumin Nijar da ya je saye baƙo ne can. Kafin ya biya, sai ya duba ko lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda.

Hanya ta bi Faraku har Malanbil, fiye da kilomita 700. Gadar kogin Isa ce iyaka. Ƙetarenta Gaya, wurin duwan. A shekarar 2023 aka rufe gadar, da yawa suka koma ta Lome da Burkina Faso.

Motar da ba a biya ma duwan ba, ana iya kama ta bisa hanya, kuɗin gero da na shanu su salwanta.