Hayaƙin da ke ƙarƙashin taurari uku

Yaranmu na aji huɗu sun ga wani hoto cikin littafi, ja da shuɗi sai ka ce sirdin sarki, an rubuta a ƙarƙashinsa wai nan ne a ke haihuwar taurari. Tun daga ran nan suka hana mu sakat, sai mun nuna musu abin da idonsu. Mu kuwa muka yi alkawari da gaggawa, ba mu tuna watan Janairu lokacin hazo ne ba. Dare uku muna fita filin ƙwallo muna komowa, ko Kaza da 'Ya'yanta ba mu gani sosai. Har yara suka fara raɗa, wai malam ma a littafi kaɗai ya san abin.

A dare na huɗu sama ta washe, ba wata. Muka sa aka kashe fitilu, aka zauna cikin duhu wajen minti 20, gama ido ba ya ganin abu mai dishi-dishi sai ya saba da duhu. Sa'an nan muka nuna musu taurari ukun nan da ke jere reras, waɗanda Turawa ke kira ɗamarar Oriyon, wani mafarauci na tatsuniyar Girkawa. Kudu da su akwai waɗansu ƙanana uku, su ne takobinsa. Na tsakiya shi mu ke nema. Madubin hangen nesa ɗaya gare mu, na aro, ya yi ta zagawa hannu hannu.

Wani yaro ya duba, ya ce, "Malam, ai wannan hayaƙi ne kurum. Ina jan?"

To, yaron bai yi ƙarya ba. Jan yana nan, amma ya yi wa ido rauni; sai na'urar ɗaukar hoto da aka bari buɗe ta daɗe tana tara haske ke kama shi, kuma sai a 1880 wani Ba'amurke, Henry Draper, ya fara ɗaukar hoton wurin. Hayaƙin nan girgije ne na ƙura da wata iska marar nauyi, haidurojin. Inda ya yi kauri sai ya jawo kansa ya dunƙule, dunƙulen ya yi ta matsuwa yana zafi har ya kama ci, ya zama tauraro. Huɗu manya da ke tsakiya su ke haskaka sauran. Ranarmu ma haka ta samu, wajen shekara miliyan 4,600 da suka wuce.

Amma nisan shi ya kashe musu baki. Haske na tafiyar mil 186,000 a sakan guda, daga rana zuwa nan minti 8 ne da 'yan kai. Daga girgijen nan kuwa sai ya yi shekara wajen 1,300 a hanya. Watau ɗan hasken da ya shiga idonmu a daren nan ya taso tun kamar shekara 300 kafin Bagauda ya hau sarautar Kano, wanda Tarihin Kano ya sa a 999.

Muka koya musu dabara guda: kada a ƙura wa abin ido, a dubi gefensa kaɗan, sai ya ƙara fitowa. Mai neman jan nan ya gwada, ya yi shiru, ya ƙi sakin madubin har aka buga ƙararrawar barci, sai da muka karɓe da kanmu, don gobe da sassafe za a mayar wa mai shi.