Yadda Muka Canja Bututun Birki A Gida

Duk wanda ya san Makarfi ya san rake. Idan lokacin sara ya yi, za ka ga motoci sun sha kaya suna fita ta Tashar Yari, wasu su nufi Zariya, wasu Kano. Kowa injin yake yabo, ba a cika tuna birki ba.

Mahaifina yana da tsohuwar akori-kura, Peugeot 404, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Da ita ake ciyar da mu, da ita ake biyan kuɗin makarantarmu. A hutun da ya wuce sai ya lura idan ya taka birki, ƙafarsa takan nutse a hankali har ƙasa. Da ya leƙa ƙarƙashi sai ya ga danshi kusa da tayar baya. Ashe tsatsa ce ta huda bututun ƙarfen da ke kai man birki.

Ga shi kuwa jibi Laraba, ranar kasuwar Makarfi, kuma an riga an ba shi kaya. Wani maƙwabci ya ce a ɗaure wurin da roba, a cika da ruwan sabulu, a ci kasuwa tukuna. Baba ya ce, "Malam, kasuwa tana dawowa kowane mako, rai fa?" Nan take ya aike ni na kira Kawu, wanda bakanike ne.

Da farko Kawu ya sa duwatsu a gaban tayoyi da bayansu. Ya ɗaga motar da jak, sa'an nan ya tokare ta da gungume, domin jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Ya kwance tsohon bututun da sifana, muka auna shi da igiya, aka sayo sabo daidai tsawonsa. Ya lanƙwasa shi sannu sannu don kada ya karye, ya fara ɗaura notin da hannu kafin ya sa sifana.

Aikina shi ne taimakawa wajen fitar da iska. Na zauna wurin direba, Kawu yana ƙarƙashi yana cewa, "Yaro, taka! Riƙe! Saki!" Baba kuwa yana ƙara mai a kofi don kada ya ƙare. Muka fara da tayar da ta fi nisa da direba, muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har mai ya daina fitowa da kumfa, birki ya yi tauri. Sa'an nan aka gwada motar a hankali a fili. Ran Laraba ta kai kayanta lafiya.

A nan ne darasin kimiyya ya zauna mini. Wani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya nuna tun ƙarni na 17 cewa idan aka danna ruwa a rufaffen wuri, ƙarfin yana isa ko'ina daidai. Da haka ƙafa ɗaya ke tsayar da tayoyi huɗu. Iska kuwa matsuwa take yi, shi ya sa take kashe birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya wuce digiri 200. To, idan birki ya yi zafi a gangara, ruwan sabulu zai zama tururi, direba ya taka ya ji wayam.

Saboda haka, ya ku iyayenmu masu motoci, ku riƙa duba kofin man birki kowace safiya, kuma kada a taɓa wannan aiki sai da wanda ya iya. Mu kuma ɗalibai kada mu raina aikin hannu. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.