Daga Diko Zuwa Ivrea, Garin Maƙeran Tafireta

Da asuba muka bar Diko, tun direbobin tanka da tirelolin da suka kwana a mahadar ba su gama shan shayi ba. A nan ne hanyar Minna ke rabuwa da babban titin Abuja zuwa Kaduna, don haka dare da rana ba a rasa hayaniya. Muka bi ta gefen Suleja, muka wuce dutsen Zuma a Madalla hazo ya lulluɓe masa kai, muka ratsa Zuba, sai filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Ɗan yayata ne da ke aiki a Torino, a arewacin Italiya, ya matsa sai na je sunan ɗansa na fari. Ni kuwa ina da wata niyyar a raina. Sana'ata buga takardu ce da fotokofi, da tafireta na fara ta, kuma a bayan tafiretar da na koyi aiki da ita akwai ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunaye biyu, Olivetti da Ivrea. Da na ji garin yana kusa da Torino, sai na ce lalle gani ya kori ji.

Bayan an watse daga suna, ɗan yayata ya zaga da ni cikin Torino. Duk inda mutum ya tsaya a birnin yana hango wani gini mai tsini da ake kira Mole Antonelliana, tsawonsa mita 167. Na ɗauka coci ne.

"A'a, Kawu," in ji shi. "Yahudawan garin nan ne suka fara gina shi a 1863 don ya zama ɗakin ibadarsu. Mai zanen ya yi ta ƙara masa tsawo har kuɗi ya fi ƙarfinsu, hukumar birni ta karɓa ta ƙarasa. Yanzu gidan tarihin fina-finai ne."

Mu a gida in an ce Bayahude, hankalinmu Gabas ta Tsakiya yake tafiya. Waɗannan kuwa 'yan ƙasa ne da suka yi ɗaruruwan shekaru a yankin Piemonte, suna kasuwanci, suna magana da harshen maƙwabtansu. Tun wajen 1723 doka ta killace su a unguwanni na musamman da ake kira geto, sai a 1848 Sarki Carlo Alberto ya ba su 'yanci irin na kowa. Murnar wannan 'yancin ce ta sa suka ɗauko gini mai girma haka.

Daga Torino jirgin ƙasa ya ɗauke mu ta Chivasso, muka yi arewa, duwatsun Alps masu ƙanƙara a kai suna ta matsowa. Tafiyar kamar awa guda ce. Ivrea ƙaramin gari ne a bakin kogin Dora Baltea, mutanensa ba su kai 25,000 ba. Kogin ya raba shi biyu. A ɗaya gefen tsohon gari ne mai lunguna da ganuwa, a ɗayan kuma masana'anta. Da masana'antar muka fara, don tana kusa da tashar jirgi, a kan titin da ake kira Via Jervis.

Gini na farko da mutum zai tarar na jan bulo ne, bai fi wani babban sito a Sabon Garin Kano ba. A cikinsa Camillo Olivetti ya kafa kamfaninsa a watan Oktoba na 1908 da ma'aikata kusan 20. An haife shi a Ivrea a 1868, a gidan Yahudawa 'yan kasuwa, mahaifinsa ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa Elvira Sacerdoti ta rene shi. Ya karanta injiniyan lantarki a Torino a hannun Galileo Ferraris, ya raka malamin nasa Amurka a 1893, har ya ɗan taɓa koyarwa a Jami'ar Stanford. A can ya ga yadda tafireta ta mamaye ofisoshi, alhali Italiya ba ta da kamfanin da ke ƙera ta da yawa. Ya dawo gida ya ɗauki 'ya'yan manoma da maƙeran yankinsu ya koya musu aiki da hannunsa. A 1911 suka kai tafiretarsu ta farko, M1, bajekolin duniya na Torino.

Daga jikin jan ginin sai wani dogon gini ya miƙe tare da titi, bangonsa gilashi ne daga sama har ƙasa. Wannan aikin ɗansa ne, Adriano, wanda aka haifa a 1901. Ya yi leburanci a masana'antar yana yaro, ya ɗanɗana wahalar tsayuwa gaban inji a ɗaki mai duhu. Da ragamar kamfani ta zo hannunsa a shekarun 1930, sai ya kira masu zanen gine-gine Luigi Figini da Gino Pollini ya ce yana son mai ɗaure kusoshi ya riƙa ganin rana da duwatsun garinsu yana aiki. Muka bi titin muna duba sauran abin da ya bari. Ga gidan renon yaran ma'aikata da aka gina tsakanin 1939 da 1941, ga ɗakin cin abinci, ga cibiyar da ke da ɗakin karatu da wurin ganin likita, ga gidajen ma'aikata kowanne da fili a gabansa. A zamaninsa, mace in ta haihu tana samun hutun wata tara da mafi yawan albashinta. Motocin kamfani kan ɗauko ma'aikata daga ƙauyukansu su mai da su, don kada aikin masana'anta ya raba mutum da gonarsa. An ce gargaɗin da uban ya fi yi wa ɗan shi ne kada ya kori kowa don an kawo sabon inji, domin a ganinsa babu masifar da ta kai zaman banza ga mai iyali.

A gidan tarihin injinan garin, wanda ake kira Tecnologicamente, na fi daɗewa. Akwai tsofaffin ma'aikatan kamfanin da ke yi wa baƙi bayani, ɗaya daga cikinsu ya ga yadda nake kallon wata Lettera 22, ƙaramar tafiretar da Marcello Nizzoli ya zana aka fitar a 1950, sai ya sa takarda ya matsa gefe. Yatsuna ba su manta ba. Ka danna maɓalli, sandar ƙarfe ta tashi ta daki ribon mai tawada, harafi ya zauna a takarda, abin naɗin ya matsa taki ɗaya zuwa hagu. In layi ya kusa ƙarewa ƙararrawa ta yi ƙara, ka tura hannun da ke hagu, takarda ta hau sama. Sai dai tasu ta ruɗa ni, don harafin z yana inda muka saba samun w. Babu kuma lamba 1, ƙaramin l ake bugawa a madadinta, kamar yadda muka saba a tsofaffin injina.

Na roƙi ɗan yayata ya fassara wa dattijon yadda muke yi da Hausa. Injin ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, don haka in an kawo takardar koke ko ta cinikin gona, sai mu buga b da d da k, in an zare takardar a bi su ɗaya bayan ɗaya da biro ana sa musu ƙugiya, har da kofin da ke ƙarƙashin kabon. Wanda ya yi sakaci ya bar kafa a inda ake nufin ƙafa, sai mai takarda ya dawo masa da ita. Dattijon ya yi dariya, ya nuna mana cewa su ma sun ƙera injinan da ke buga Larabci daga dama zuwa hagu. Daga nan ya kai mu gaban na'urar lissafi Divisumma 24 ta 1956, wadda Natale Capellaro ya ƙirƙiro, mutumin da ya shigo kamfanin a matsayin yaron koyon aiki ba tare da digiri ba. Wannan na'ura ta kawo wa kamfanin riba mai yawa.

Da rana ta karkata muka haye gada zuwa tsohon gari, muka nemi wani siririn titi mai hawa da ake kira Via Quattro Martiri. Nan ce unguwar Yahudawan Ivrea ta da. In ba an nuna maka ba, za ka wuce ɗakin ibadarsu ba ka sani ba, don daga waje bai bambanta da gidajen da ke jikinsa ba. An buɗe shi a 1875, Camillo yana ɗan shekara bakwai. Jama'ar ba ta taɓa yawa ba, kuma 'yancin da suka samu shi ne ya fara rage su, domin da ƙofa ta buɗe sai matasa suka nufi Torino da Milan neman ilimi da aiki. Yau 'yan kaɗan da suka rage suna ƙarƙashin kulawar jama'ar Torino. Shi kansa Camillo bai riƙe ibadar kakanninsa ba. Ɗan gurguzu ne a siyasa, ya kuma auri Luisa Revel, 'yar limamin cocin Waldes, wasu Kiristoci 'yan tsiraru da su ma suka sha tsangwama a ƙasar da Katolika suka fi yawa. Adriano dai daga tsatson 'yan tsiraru biyu ya fito. A nan na tuna da Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus ta Libiya da ya zauna a Kano ya zama cikin manyan masu sayen gyaɗa a zamanin Turawa. Mu ma kasuwanninmu sun san irin waɗannan baƙi.

Barin ibada bai tsirar da kowa ba lokacin da gwamnatin Musolini ta kafa dokokin wariyar jinsi a 1938. Aka kori Yahudawa daga makarantu da aikin gwamnati da soja, aka hana su auren waɗanda ba nasu ba, aka hana su mallakar kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye. A shekarar ce Camillo ya sauka daga shugabancin kamfanin da ya kafa, Adriano ya hau, dangantakarsa da cocin mahaifiyarsa ta zame masa garkuwa. Da sojojin Jamus suka mamaye arewacin Italiya a watan Satumba na 1943, sai abin ya koma farauta. Fiye da Yahudawan Italiya 7,000 aka hallaka. A tsaunukan da ke arewa da Ivrea aka kama marubucin nan Primo Levi a watan Disamba na 1943, aka tura shi sansanin Auschwitz. Titin masana'antar ma sunan injiniyan kamfanin ne, Guglielmo Jervis, wanda ya shiga gwagwarmaya aka kashe shi a watan Agusta na 1944. Adriano ya tsallaka Suwizalan.

Camillo yana ɓoye a yankin Biella, gabas da Ivrea, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a asibitin garin ranar 4 ga Disamba, 1943, yana da shekara 75. A maƙabartar Yahudawa ta Biella aka binne shi. A wannan lokaci ganin mutum a jana'izar Bayahude kaɗai ya isa ya jawo masa bala'i, amma ma'aikatansa, waɗanda yawancinsu Katolika ne, suka baro Ivrea da yawansu suka je suka raka shi. Babu wanda ya tilasta su, ba kuma albashi za a ƙara musu ba. Duk abin da na gani a garin, wannan labarin ya fi tsaya mini a rai. Mu da muke zaune a Diko da Suleja, Gwari da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, Musulmi da Kirista a layin kasuwa ɗaya, mun san ranar tashin hankali ce ake gane wanda ya shuka alheri a maƙwabtansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya bunƙasa. Ya sayi hannun jari mai yawa a Underwood ta Amurka a 1959, a shekarar kuma ya fitar da babbar kwamfutarsa, Elea 9003. Adriano ya zama magajin garin Ivrea a 1956, ya shiga majalisar ƙasa a 1958, sannan ajali ya riske shi a cikin jirgin ƙasa kan hanyar Suwizalan ranar 27 ga Fabrairu, 1960. Lokacin ma'aikatan kamfanin sun kai kimanin 36,000. A 1965 suka nuna Programma 101 a New York, na'urar kan tebur da ake lissafa ta cikin kakannin kwamfutar da nake aiki da ita a shago, har hukumar NASA ta saya. Amma kafin nan bashi ya sa an sayar wa General Electric sashen manyan kwamfutoci. Sun sake yunƙurawa da kwamfutar M24 a shekarun 1980, gasar Amurka da Asiya ta fi ƙarfinsu, a 2003 kamfanin ya narke cikin Telecom Italia. Yau wasu sassan dogon ginin gilashin ofisoshin wasu kamfanoni ne, wasu kuma a rufe.

Duk da haka mutanen Ivrea ba su bar tarihin ya bi ruwa ba. Sun adana takardun kamfanin da zane-zanensa, sun kafa alluna a bakin titi masu bayanin kowane gini, tsofaffin ma'aikata suna koya wa 'yan makaranta yadda ake kwance inji a mayar. A 2018 UNESCO ta sa unguwar masana'antar cikin wuraren tarihi na duniya.

A jirgin komawa Torino na ce wa ɗan yayata mu ma muna da namu. A shekarun da Lettera 22 ke fitowa, Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin da ke maƙwabtaka da mu, tun ana kiransa Abuja, kafin a ba babban birnin tarayya sunan a sa wa garin Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya, ta shiga cibiyar, tukwanenta suka kai Ingila da Amurka, hotonta ne kuma a bayan takardar naira 20.

"To, Kawu, yaran shagonka sun san haka?" ya tambaye ni.

Da na dawo na gwada su. Kowa ya san takardar, babu wanda ya san a Suleja matar ta yi aikinta. Mun sa ranar Asabar mai zuwa za a rufe shago da wuri, in cika mota da su mu je su ga wurin, mu kuma nemi tsofaffin da suka yi aiki a cibiyar mu rubuta abin da suka sani tun suna raye.